LAFIYA UWAR JIKI: Idan Tumbin Yaro Ya Yi Kasala

A wannan mako za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba kasafai ake jin sunansa ba, amma idan ya shiga gida yakan hana kowa sakat, musamman idan ya kama yaro ko yarinya a shekarun tashen balaga. Likitoci suna kiransa gastrofaresis. Mu kuwa a wannan fili za mu kira shi kasalar tumbi, gama ma'anar ke nan: tumbin yana nan, babu abin da ya toshe shi, amma ya daina tura abinci gaba a kan lokaci. Za mu yi misali da garin Gombe, da irin cimar mutanensa da asibitocin da ke cikinsa, ko da yake maganar ta shafi iyaye ko'ina suke.

Ga yadda abin yakan faro. Yarinya 'yar shekara 14 ko 15 ta yi zazzaɓi da amai da gudawa, aka yi magani suka wuce, amma ita ba ta koma daidai ba. Ta yi loma uku ta ce ta ƙoshi. Cikinta ya riƙa kumbura bayan cin abinci, tashin zuciya ba dare ba rana, wani lokaci ma da safe ta amayar da tuwon da ta ci daren jiya, ana iya shaida shi sarai. Kwanci tashi tufafinta suka yi mata yawa. Daga nan sai kowa ya kawo nasa fassarar. Kaka ta ce shagwaɓa ce. Uba ya ce makaranta ce ba ta so. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce iska ce. Mafi muni duka, maƙwabta su fara raɗa, tun da budurwa ce kuma tana amai da safe. A tsakiyar wannan surutu yarinya tana zaune da yunwa, ga abinci a gabanta, ba ta da ikon ci, kuma babu wanda ya yarda da ita.

To, abin da muke so mu faɗa wa iyaye shi ne, aikinsu na farko a wannan ciwo su gaskata ɗansu. Sauran ayyukan duka a kan wannan ake gina su.

YADDA TUMBI KE AIKI

Mutane da yawa suna zaton tumbi jaka ce kurum da ake zuba abinci a ciki. Alhali kuwa ya fi kama da turmi da taɓarya. Bangonsa tsoka ne, yana matsawa kamar sau 3 a kowane minti, yana kirɓa abinci tare da ruwan tsami har ya zama ƙanana ƙwarai, misalin milimita 1 zuwa 2, sa'an nan wata 'yar ƙofa da ke ƙasansa ta riƙa barinsa ya wuce cikin hanji kaɗan kaɗan. A jikin mai lafiya, bayan awa 4 da cin abinci, abin da ya rage a tumbi ba ya wuce kashi 10 cikin 100.

Abin da ke ba tumbi umarnin wannan aiki iri biyu ne. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya da ƙirji har ciki, likitoci suna ce mata bagus. Akwai kuma waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta a cikin bangon tumbin, su ne kamar makaɗa masu ba tsoka kiɗan da za ta bi. An sa musu sunan Santiago Ramon y Cajal, masanin ƙasar Sifen wanda ya sami lambar Nobel a 1906. Idan jijiyar ta sami lahani, ko makaɗan nan suka ragu, sai daka ya tsaya, abinci ya kwana a turmi.

Yadda aka fara sanin aikin tumbi ma abin mamaki ne. A 1822, a wani tsibiri mai suna Mackinac a Amurka, bindiga ta tashi ta sami wani saurayi, Alexis St. Martin, a gefen ciki. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa har ya rayu, amma raunin ya warke ya bar wata kafa da ta zarce har cikin tumbi. Beaumont ya riƙa ɗaura 'yan gutsattsarin abinci a zare yana zurawa ta kafar, yana jawowa ya duba bayan awa ɗaya ko biyu. Ya yi gwaji fiye da 200, ya buga littafinsa a 1833. Cikin abubuwan da ya lura da su har da cewa abinci mai maiƙo ya fi daɗewa, kuma idan saurayin ya fusata aikin tumbinsa yakan ja baya. Iyaye su riƙe waɗannan biyu, za mu komo kansu.

ME KE KAWO TA?

A wajen manya, sanannen dalili shi ne ciwon sukari wanda ya daɗe, domin yawan sukari a jini yana cin jijiyoyi. Wani likita a Amurka, Paul Kassander, shi ne ya bayyana wannan alaƙa da sunan da aka san ta da shi a 1958. A wajen yara kuwa, mafi yawa ba a gano takamaiman dalili. Waɗansu sukan same ta bayan ciwon ƙwayar bairos, waɗansu bayan an yi musu aiki a ciki, waɗansu kuma magani ne ya jawo. A shekarun balaga 'yan mata sun fi samari kamuwa. Wadda ta biyo bayan bairos ita ce ta fi saurin barin mutum, sau da yawa cikin watanni, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu.

Batun magani yana bukatar a tsaya a kansa. Tiramol da kodin da danginsu suna sanyaya tumbi da hanji ƙwarai. Mai karatu zai tuna cewa a watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton da BBC ta yi a kan yadda matasa ke shan sa. Tabar wiwi ma tana jawo amai mai zuwa yana dawowa. Saboda haka likita zai tambayi yaro waɗannan abubuwa, sau da yawa a keɓe, kada uba ya ɗauka an ci mutuncin gidansa. Haka kuma idan budurwa ce za a yi gwajin ciki. Ka'idar aiki ce da ake bi a kan kowace mace mai amai, kuma sau da yawa ita ce ke rufe bakin masu raɗa.

NEMAN HANYA A GOMBE

Mutanen Gombe suna da abin godiya a nan. A shekarar da aka ƙirƙiro jihar daga Bauchi, watau 1996, aka kafa cibiyar lafiya ta tarayya a garin, wadda a 2014 ta zama Asibitin Koyarwa na Tarayya, a kan hanyar Ashaka. Akwai kuma Asibitin Ƙwararru na jiha a Jekadafari. Wanda yake Pantami ko Bolari ko Tudun Wada ko Herwagana ba shi da uzurin yin wata shida yana zarya tsakanin kantin magani da mai jiƙe-jiƙe, yau a ce olsa, gobe a ce taifod, jibi a ce shawara. Amai da rama da suka wuce mako biyu ko uku a jikin matashi, maganar likita ce.

Sai dai a sani, kasalar tumbi ba a gane ta da gwajin jini guda. Sai likita ya fara kawar da abubuwan da suka yi kama da ita: gyambon ciki da ƙwayar cutar da ke haddasa shi, toshewar hanji, ciwon sukari, ciwon ƙoda ko na hanta, da ciwon nan na tsoron ƙiba da ke sa waɗansu matasa ƙin abinci. Yawanci za a zura wani siririn bututu mai kyamara ta baki a leƙa tumbin. Idan aka tarar da abincin jiya yana nan bayan yaro ya kwana bai ci kome ba, kuma babu abin da ya toshe hanya, to an sami babbar alama. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a ba mutum abinci, yawanci ƙwai, wanda aka sa wa ɗan sinadarin da na'ura ke iya gani, a riƙa ɗaukar hoto har awa 4. Sassan da ke da irin waɗannan na'urori kaɗan ne a Nijeriya, sanannu su ne na asibitin koyarwa na Ibadan da na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Don haka sau da yawa likita zai fara magani bisa alamu da abin da kyamara ta nuna.

A nan ne iyaye za su taimaka da abin da ba ya cin kuɗi. A sayi littafin rubutu guda. Kullum a rubuta abin da yaro ya ci, da ƙarfe nawa, da yawansa, da lokacin da ya yi amai, da kamannin aman. Kowane mako a ɗora shi a sikeli guda, a rubuta nauyinsa. A haɗa da sunayen dukan magungunan da ya sha, har da na gargajiya, kada a ɓoye ko ɗaya. Likitan da aka miƙa wa wannan littafi zai fahimci cikin minti biyar abin da baki ba zai iya bayyanawa cikin awa ɗaya ba. Kuma tun da jinyar doguwa ce, yana da kyau magidanci ya bincika shiga tsarin taimakekeniyar lafiya, ko na jiha da ake kira GoHealth, ko na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa wadda aka yi wa sabuwar doka a 2022.

MAGANI NA FARKO A MADAFI YAKE

Tsarin cin abincinmu shi ne a ci da nauyi sau biyu ko uku, tuwo malmala biyu da dare a kwanta. Tumbi mai kasala ba zai iya wannan ba. Abin da yake so shi ne kaɗan kaɗan, sau 5 ko 6 a yini, ko fiye. Da yayyafi kogi kan cika. A samo masa ƙaramin kwano nasa shi kaɗai, gama idan ya sa hannu a akushi ɗaya da 'yan'uwansa, ko dai ya yi gaggawa ya yi amai, ko ya janye ya kwana da yunwa.

Abu biyu ne suka fi daɗewa a tumbi: maiƙo da abinci mai harza. Saboda haka ƙosai da wainar da ta sha mai, soyayyen nama, tsire da kilishi, da miya mai iyo da manja, duk a ɗaga musu ƙafa. Haka nan wake da ɓawonsa, dambu, kwaɗon zogale ko na rama, ɗanyen kabeji, gyaɗa, aya, rake, goruba, da totuwar lemo. Waɗannan abinci ne masu amfani ga mai lafiya, amma a tumbin da ba ya daka sukan dunƙule su zama curi wanda zai iya toshe ƙofar fita. A ƙasashen waje an san wani ɗan itace mai suna fasimon da haddasa irin wannan curi, kanyarmu kuwa danginsa ce, don haka a yi hattara da ita.

Abin farin ciki shi ne, ko da tumbi ya gaza da abinci mai tauri, yawanci abu mai ruwa yana wucewa. A nan kuwa cimarmu ta fi ta mutane da yawa. Ga koko da kunun tsamiya da kunun shinkafa, a tace su sosai. Ga nono, wanda an riga an cire masa mai, da kindirmo ga wanda cikinsa ya karɓa. Ga fura, in an dama ta da ruwa-ruwa an tace, ba yaji. Ga dankali da kabewa da doya a dafa su lugub a murje. Ga ƙwai dafaffe, ga kifi irin wanda ake kawowa daga Dadin Kowa, a dafa a cire ƙaya a marmasa cikin romo, ga naman kaza a markaɗa. Ayaba nunanna da gwanda ma suna shiga. Maiƙon da ke cikin abin sha, kamar madara ko ɗan kunun gyaɗa tatacce, ya fi sauƙin wucewa a kan na soye-soye, kuma yaro mai rama yana bukatarsa. A gwada abu ɗaya ɗaya, a rubuta a littafi, domin abin da ya karɓi wannan yaro ba lalle ne ya karɓi wancan ba.

Bayan an ci, kada ya kwanta sai an yi awa ɗaya ko biyu. Ya zauna a miƙe, ko ya ɗan zaga tsakar gida. A bar lemon kwalba mai gas. Idan ya yi amai ya kurkure baki da ruwa, kada ya goge haƙora nan take, domin tsamin tumbi yana tausasa su. A lokacin bazara kuwa, watannin Maris da Afrilu da zafin Gombe ke kai maƙura, ƙarancin ruwa a jiki shi ne babban haɗari. A riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari da cokali: ko na fakiti, ko a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

HATTARA DA ƘWAYOYI

Akwai magungunan da ke zaburar da tumbi, amma kowanne da sharaɗinsa. Wanda aka fi sani shi ne metokulofiramaid. A jikin matasa yakan jawo wani abu mai ban tsoro: wuya ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya fito. Wanda bai sani ba zai rantse aljanu ne ko farfaɗiya, alhali maganin ne, kuma akwai allurar da ke warware shi a asibiti cikin ɗan lokaci. Idan an daɗe ana sha kuma yana iya barin mutum da motsin baki da fuska wanda ba ya dainawa. Shi ya sa a 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedin kada a wuce mako 12 ana shan sa, a 2013 kuma ta Turai ta rage zuwa kwana 5. Na biyu shi ne domferidon, wanda a 2014 hukumar Turai ta taƙaita yawansa saboda yana iya rikita bugun zuciya. Na uku eritiromaisin, wanda ƙarfinsa kan ragu bayan 'yan makonni, kuma ba a haɗa shi da domferidon. Duk waɗannan likita ne zai rubuta, ya kuma sa ido. Sa'an nan ƙwayar murɗar ciki irin Buscopan, wadda ake saye a kanti ba tambaya, ƙara wa tumbi kasala take yi.

Idan ciwon ya yi tsanani har yaro ba ya riƙe ko kunu, likitoci sukan zura siririyar roba ta hanci ta wuce tumbi zuwa hanji, a riƙa ba shi abinci ta nan. Iyaye da yawa suna ganin roba sai su yanke ƙauna, su ce a sallame su. Kuskure ne babba. Robar nan gada ce, yaro yana iya yin ƙiba da ita, a cire ta ya ci gaba da rayuwarsa. A ƙasashen da suka ci gaba akwai ƙaramar na'urar lantarki da ake dasawa a ciki, wadda Amurka ta yarda da ita a 2000, da wani aikin buɗa ƙofar tumbi ta hanyar bututu, wanda aka fara a asibitin Johns Hopkins a 2013. Amma waɗannan na 'yan kaɗan ne da kome ya gagara a kansu.

Ga alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: aman jini ko mai kama da garin kofi, aman kore shar, baƙin bayan gida, ciwon ciki mai tsanani da ciki ya yi tauri, yini guda ba abin da ya zauna ko da ruwa, awa 8 ba fitsari, ko yaro ya riƙa gigicewa da yawan barci. Mai ciwon sukari kuwa a riƙa auna jininsa akai akai, domin idan an yi allurar insulin abinci bai wuce ba, sukarinsa zai faɗi.

ZUCIYAR YARO DA TA IYAYE

Mun ce Beaumont ya ga fushi yana tsayar da aikin tumbi. Ke nan uban da ya tsaya a kan yaro da bulala yana cewa sai ya cinye, yana ƙara wa ciwon ƙarfi ne da hannunsa. Uwar da ke kuka a gabansa tana cewa ya ci don ita, ita ma ta ɗora masa kaya. A ajiye abinci, a ce masa sannu, in ya ci a yi hamdala, in ya kasa a sake gwadawa bayan awa ɗaya.

A ƙasar Gombe kunya da kara suna da ƙarfi, har uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta zauna ta tambaye shi abin da ke ransa. Al'ada ce mai kyau, amma matashin da ya ga abokansa suna girma shi yana ramewa, ana biki ana cin shinkafa shi yana kurɓar koko, yana bukatar wanda zai faɗa wa damuwarsa. Idan kunya ta hana uwa, a sa goggo ko inna ko kawu wanda yake sakewa da shi. Idan aka ga ya daina magana, ya ƙaurace wa mutane, ko yana cewa ya gaji da duniya, a gaya wa likita, wannan ma ɓangaren jinya ne.

Batun makaranta kuma kada a bari ciwo ya cinye shi. A karɓi takarda daga likita a kai wa shugaban makaranta, a nemi a bar yaro ya shiga da goran kununsa ya riƙa kurɓa tsakanin darussa, a kuma bar shi ya fita idan zuciyarsa ta tashi. Wanda yake makarantar kwana, inda wake da garin rogo suke abincin yau da kullum, zai fi kyau a mai da shi jeka-ka-dawo har ya murmure. Idan shekarar jarrabawar WAEC ko NECO ce ta zo da ciwon, ɗage ta shekara guda bai kai asarar lafiya ba. Game da azumi, malamai sun haɗu a kan cewa marar lafiya yana da rangwame, kuma buɗa-baki da ƙosai da cin sahur mai nauyi su ne ainihin abin da tumbin nan ba ya ɗauka. A tambayi likita, a tambayi malami, kada a bar yaro ya yi ta maza don gudun gorin tsara.

Daga ƙarshe, ya kai uba, ya ke uwa, ku ma mutane ne. Dafa abinci sau shida a yini, da wanke kwanon amai da tsakar dare, da zaryar asibiti, ba aikin mace ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ya karɓi kwana, abokiyar zama da 'yan'uwa su kama, sauran yaran gida kuma a bayyana musu dalilin da ya sa ake yi wa ɗan'uwansu tukunya dabam, don kada kishi ya shiga. Kada miji da mata su ɗora wa juna laifi, gama ba wanda ya jawo wannan ciwo da sakacinsa. Za a ga mako mai kyau a ga mai wuya, saboda haka a riƙa auna ci gaba da wata wata, littafin nan kuwa zai nuna abin da ido ya manta. Matasa da yawa suna samun sauƙi, waɗansu su warke sarai, waɗansu su koyi zama da shi su yi karatu su yi aure.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.